Abin da Direba Ya Gani

Shekara goma sha tara ina riƙe da sitiyari,
shi yana gefena, jakar fata bisa gwiwa,
tabarau ɗaure da zare, ƙafa ɗaya ta karye.
Mushe Nomau Barmo. Ko da ya zama sufeto
bai yarda a sauya masa kira ba.
"Mushe nake," in ji shi, "sauran duk ajiya."

Kafin zamanina, an ce, ajin zana ne a Sarkin Yamma,
yara tamanin da ɗaya, alli rabin kwali.
Hadarin farko ya yaye rufin wata Laraba,
ya tasa su gaba da allon a kafaɗa,
ya ɗora lissafi daga inda ya tsaya, gindin tsamiya.

Ni a rangadi na san shi.
Safo, Jiratawa, Gabi, ba aike, ba sanarwa.
Ya shiga aji ya wuce teburin malami,
ya matse kansa a bencin ƙarshe, gwiwa har haɓa,
ya ce wa yaron lungu, "Ara mini kayenka."
Wai na gaba kwalliyar aji ne,
a wurin na baya ake jin gaskiya.

Shekarar da gulbi ya riga jarrabawa isowa
mota ta tsaya a gaɓa, ni ma na tsaya.
Ya tuɓe takalma, ya kira mai gora,
akwatin takardu a ka, shi da bai iya ruwa ba.
Na ji yana salati har tsakiyar kogi.
Ƙarfe takwas daidai aka yage ambulan,
wandonsa na ɗiga, yana duba agogo,
ba wanda ya yi dariya.

Sai ranar jerin sunaye.
Malamai goma sha huɗu, albashi na fita,
ba ɗayansu mai inuwa.
Ya ja musu jan bik, layi bayan layi.
Wata biyu, tukuici ya iso daga Yamai:
an tura shi arewa, can bayan Dakoro.
Ya ninke takardar ya ce, "Gonda, duba mai,
can ma akwai yara, kuma akwai hanya."

Kada in yi masa ado, yana da zafi.
Ya daka wa Madam Cima tsawa gaban ɗalibanta
don ta makara rabin awa.
A mota wani ya faɗa masa: ƴar kwantaragi ce,
wata huɗu ba biya, ta sayar da keken,
ƙafa take takawa tun assalatu.
Bai ce uffan ba har muka hango Tibiri.
Sai ya ce, "Juya."
Gaban yaran nan ya cire hula ya roƙe ta.
Ni na sunkuyar da kai, kamar tawa ce kunya.

Da ya zama daraktan jiha, kujera ta ci shi.
Taro, sa hannu, taro, waya daga sama.
Ya roƙi aji ɗari uku na siminti,
aka ba shi arba'in da alkawari.
Na sha ganinsa yana murza yatsu,
yana neman farin alli a hannun da ya yi tsabta,
abin na cinsa a zuciya.

Ran sallama, agogon bango da turmin shadda.
Na kai shi Bagalam, ya sauka da kansa,
ya dawo ya miƙo jan bik ta taga.

Ban faɗa ba tun farko:
duk inda muka jira ƙarfe ya huce
yakan zana mini harafi da tsinke bisa rairayi.
Har yau ƙa ɗina tana jingina kamar ta gaji.
Da ita na rubuta wannan, ban sa kowa ba.
In ya gani zai sami kuskure bakwai,
ga jan bik nan, Mushe, na kawo maka da safiya.